Mai Jarkokin Fetur Yana Nan a Gidana

Da kuɗin sallamata daga aikin koyarwa na gina ɗakuna a bayan gidana a nan Daura, na zuba 'yan haya. Kafin in ba kowa makulli, nakan taka da ƙafata zuwa wurin wanda ya taɓa ba shi haya, in tambayi halinsa. Haka na yi a kan wani ɗan kasuwa mai zirga-zirga zuwa Kongolam, can bakin iyaka. Dattijon da ya taɓa ba shi haya ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Malam, ba mu san shi da komai ba sai alheri."

Alherin da na tarar shi ne jarkokin fetur, an jera su har rufin ɗaki, bango ɗaya ne tsakaninsu da murhun iyalina. Na yi masa magana a keɓe, na yi masa a gaban mutane, na ba shi wa'adi. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Baba, gobe za a kwashe." Ana kwashewa kuwa, wasu su shigo a kan babur. Ranar da jarka guda ta tsage, fetur ya bi kwata har ƙofar masallaci, unguwa ta wuni ba wanda ya hura wuta. A ranar na gane cewa dattijon nan ba shaida ya ba ni ba, kayan da ya dame shi ya sauke a kaina.

A daminar bana aka aiko mini cewa wani mutum zai zo daga Mai'adua ya tambaye ni halin mai jarkokin. Ɗan hayar nawa ya nemi ɗakin zaure a gidan yayar mutumin, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Maƙwabcina, dillalin shanu, ya riga baƙon isowa.

"Malam, Allah ya kawo mana mafita. Ka ce sai alheri, ya tattara ya bar mu. Rufa wa Musulmi asiri ai lada ne."

"Alhaji, asirinsa za mu rufa, ko namu?"

"Kai dai bokon nan bai sake ka ba har yau. Kowa haka yake yi."

"Na sani. Haka aka yi mini."

Da baƙon ya zauna, na tambaye shi sana'ar yayarsa. Ya ce ƙuli-ƙuli take soyawa a tsakar gida, wutarta ba ta mutuwa sai magariba. Na gaya masa gaskiya duka: ɗan hayar yana salla, yana gaida manya, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sannan na kama hannunsa, na kai shi bakin tagar ɗakin, na ce ya shaƙa. Ya shaƙa, ya yi godiya, ya hau babur ɗinsa.

Maƙwabtan da suka wuni da yunwa ranar da jarka ta tsage, su ne yau suke amsa sallamata da ƙyar. Sun san abin da ke cikin ɗakin, sun kuma yarda a kai shi gidan marayu, muddin ya bar layinsu. Wannan ne suke kira rufin asiri, kuma a gaban mai unguwa na faɗa musu cewa ha'inci ne.

Mai jarkokin yana nan, maganarmu tana hannun mai unguwa. Uwargidana ta mayar da murhunta zaure, inda a da nake karɓar baƙi.