Sadakar Arba'in a Cikin Kwando

Ni ban iya rubutu ba. Surukata, matar ɗana, ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana sawa, in kuka ya zo mini ta dakata.

Neman magani ne ya kawo mu Alƙahira, ni da maigidana Malam. Ciwo ne a maƙogwaronsa. Ɗanmu na fari, mai karatun addini a nan, shi ya ce a zo a gwada. Muka sauka a gidansa a unguwar Hayyin Ashir, hawa na shida, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda wadda darduma ɗaya ke cikawa. Zane uku na ɗauko, don an ce wata guda za mu yi.

Malam manomin masara ne tun kafin a kai ni gidansa. In sabuwa ta nuna, shi ke karyo ta farko da hannunsa, in gasa masa a bakin murhu. A nan kuwa ko ruwa sai ya runtse ido yake haɗiyewa. A ƙasan benenmu akwai wani mai gasa masara a kan amalanke, hayaƙinsa na hawowa har baranda. Malam yakan sa a fito masa da kujera ya zauna yana shaƙa.

Maƙwabciyarmu 'yar Sudan ce. Kakanninta mutanenmu ne, suka kama hanyar Makka a ƙasa, suka yada zango a can har suka hayayyafa. Hausarta a cakuɗe take da Larabci. Wata rana ta shigo ta gan shi a baranda, ta ja ni kicin.

"Hajja, masara yake so, ko ba ki gani ba?"

"Na gani, 'yar nan. Da wane maƙogwaron zai ci?"

"Ma'alish, ba komai. Akwai wadda ba a taunawa. Yalla, miƙo min magogi."

Ta sa na goge ɗanyar masara kamar yadda ake goga kuɓewa, har ruwanta fari ya taru a kwano. Ta zuba madara da ƙwai biyu da man shanu, da wani abu mai kauri da suke kira kishɗa, wato man da ke tasowa a saman madara. Gishiri kaɗan, sukari kaɗan. Ta juye a farantin ƙarfe ta tura cikin furun, tandarsu ta gas mai ƙofa. Na ce mata masara da madara ai kunun jarirai ne. Ta ce, "Ke dai jira. A gefen kaza ake ci, amma Alhaji ba ruwansa da kaza."

Da masarar ta fito, samanta ya yi ja, cikinta na rawa kamar kindirmo. Malam ya ci cokali huɗu. Ya dube ni ya ce, "Ba ta kai tamu ba." Sannan ya buɗe baki na ƙara masa na biyar. Kwana tara bayan nan, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa.

A nan aka binne shi. Ban ga kabarin ba har yau. Na ce a mayar da ni gida in yi takaba cikin 'yan'uwana, ɗan nawa ya durƙusa a gabana ya ce shari'a ta fi son mace ta zauna inda rasuwar ta same ta, ga shi kuma ba mai raka ni. Wata huɗu da kwana goma. A gida mai takaba tana da tsakar gida, tana da kaji, mata na shigowa su zauna da ita su yi ta taɗin duniya har ta manta kanta. A nan daga ɗaki sai falo, daga falo sai baranda. Na ƙirga, taku goma sha ɗaya ne.

Da arba'in ta matso na ce masa a yi wa babansa sadaka.

"Inna, wannan arba'in ɗin ba ta da asali a littafi. Sadaka kowace rana ana yinta."

"To, ita ma ranar ai rana ce."

"Ni dai ba zan tara mutane ba."

"Su wa gare mu da za ka tara?"

Ya ɗauki littattafansa ya fita. Ban ga laifinsa ba, abin da aka koya masa ke nan. Amma ni na daka gumbar arba'in ta mutanen da ban haɗa komai da su ba. A ce Malam ne ba za a ci ko loma saboda shi ba, abin ya tsaya mini a wuya.

Mutanen nan suna da wata dabara. Kowace baranda da kwando ɗaure da igiya. In mace na son burodi ko albasa sai ta zura shi ƙasa, mai kaya ya saka, ta jawo. Ranar arba'in da safe, bayan ɗana da matarsa sun tafi karatu, maƙwabciyar ta leƙa ta ƙwala wa mai masara kira, kwando ya hawo da ɗanya takwas. Ta kunna mini furun, ta tafi asibiti da ƙafarta da ke damunta.

Ni kaɗai na goge masarar, har magogi ya ci mini yatsa. Na yi komai yadda ta nuna mini. Da ta gasu na rufe farantin da sabon tsumma, na sa a kwando, na yi bisimilla na zura. Igiyar na zafi a tafin hannuna.

Kwandon ya tsaya daidai kan mutane, yana lilo. Suka yi ta wucewa. A wurinsu kwando in ya sauko saye ya zo yi, ba bayarwa ba. Wani mai shago ya fito ya ɗaga tsumman, ya dubi sama ya buɗe hannuwa, ya koma. Ba ni da Larabcin da zan ce sadaka ce, kuma ko ina da shi, mai takaba ba ta ɗaga wa maza murya a titi. Na tsaya riƙe da igiya ina hawaye, abincin Malam na hucewa a sararin sama.

Mai gasa masarar ne ya ajiye maficinsa. Shi ya ga an sauko da gawa ta wannan matakala, shi kuma ya sayar mini da masarar. Ya zo ya buɗe, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗaga kai. Ban san me ya gani a fuskata ba. Sai ya ɗaga tafukansa biyu, bakinsa na motsi, ya shafa. Ya kira mai gadin bene da mai sharar titi da wata tsohuwa mai sayar da ganye. Suka tsuguna a gindin bango suka cinye tas.

Da na jawo kwandon, farantin ba wayam ya dawo ba. Gasasshiyar masara ce guda ɗaya a nannaɗe cikin ɓawonta, da ɗuminta.

Na zauna a kujerar Malam na ci, da sauran haƙoran da suka rage mini. Gaskiyarsa, ba ta kai tamu ba. Na ajiye totuwar a bakin baranda, tana nan har yanzu ta bushe. Saura mini wata uku a ɗakin nan. Na gaya wa ɗana, ranar da na fita, kafin filin jirgi sai ya kai ni in ga inda suka kwantar da shi.