Ƙararrawar da Na Sa wa Gidanmu

A shekarun casa'in ina aiki a wani babban filin jirgin sama a kudu, cikin wani ɗaki marar taga. Talabijin ne jere a bango, kowace tana nuna wata ƙofa ko wani lungu. A gefe ga allo mai 'yan fitilu. In hayaƙi ya tashi a ɗakin kaya, ko na'urar sanyi ta tsaya, ko aka buɗe ƙofar da aka hana, sai fitila ta yi ja, ƙara ta biyo. Daga kujera ɗaya muke lura da ginin duka.

Da na zo hutu Kontagora sai zama ya gagare ni. Zauren gidanmu a buɗe yake yini. Mahaifina malami ne, masu ɗaukar karatu na shiga, masu tallan nono na shiga, baƙi daga Salka su jingine buhunan dawa su wuce ciki. Da na ji motsi sai in miƙe in leƙa. Ko koko a tsaye nake sha. Mahaifiyata ta tambaye ni ko wani nake jira, na ce a'a, rashin sanin mai shigowa ne ke damuna.

Na shiga kasuwa na sayo waya da batir da ƙararrawa. Na yini ina haɗawa, yadda duk wanda ya tura ƙyauren da ke tsakanin zaure da cikin gida za ta yi ƙara a ɗakina. Mahaifina ya tsaya ya duba, bai hana ba, ya dai ce kada ta dami masu karatu.

Washegari yaran maƙwabta suka gano ta, suka mai da ƙyauren abin wasa. Awaki suka tura, iska ma ta tura, ni kuwa kowace ƙara sai na fito. Da hantsi Gwaggo, yayar mahaifina, ta iso daga Kumbashi. Tana taɓa ƙyauren ƙarar ta tashi, ta firgita har ƙwaryar daddawarta ta kife. Ta koma zaure ta zauna, ta ce ba ta shiga gidan da ke mata ihu.

Mahaifiyata ta same ni a ɗaki.

"Can gini aka ba ka ka tsare," in ji ta. "Nan wa ya sa ka? Cire abin nan, ka je ka shigo da Gwaggo."

Na cire batirin, na tsince daddawar, na ba Gwaggo haƙuri har ta yarda ta shigo.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Sauran kwanakin a yawo na yi su, daga bakin kasuwa zuwa tasha in dawo, tun hutun bai ƙare ba na ɗaure kayana. Mahaifina ya raka ni tasha, muka tsaya a inuwa yana ta tambayata yadda jirgin alhazai ke sauka, ina ba shi amsa, har mota ta cika.