Tsohuwar da Na Kashe da Bik

Ba na son warin jiƙaƙƙiyar takarda. Ko jarida ce ruwa ya taɓa, da na ji warin sai in koma yaro ɗan shekara goma sha ɗaya a gidanmu na Matameye, tsugune bayan rumbu da ƙwaryar ruwa a gabana.

Bari in gaya maka yadda aka yi. Damina ce, gero ya fara fitar da kai. Kaka, mahaifiyar babana, ta kai ƙarata cewa na gudu daga makarantar allo na tafi lambun rake, babana kuwa ya yi mini dukan da sai da na kwana biyu ina zama da gefe guda. Ba ni da ƙarfin ramawa, sai na buɗe bayan kaye, littafin rubutunmu na lakwal, wato makarantar boko, na ɗauki bik, birona, na rubuta labarin farko a rayuwata. Labarin wata tsohuwa ne mai tsegumi, mai giɓi, mai sayar da daddawa a gindin bishiyar bedi. Ban sa mata suna ba, amma ko akuyar gidanmu aka karanta wa za ta gane ta. A shafi na uku na sa mata zazzaɓi, na kashe ta kafin a yanke gero. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Bayan kwana huɗu Kaka ta kwanta da zazzaɓi.

Kai da ka tashi da waya a hannu za ka ce mene ne haɗin. To, a gidanmu rubutu ba abin wasa ba ne. Baffa, wan babana, Malam ne. Yakan rubuta a allo, ya wanke, mara lafiya ya sha, kwana biyu ka gan shi a kasuwa. Sai na ce a raina, in rubutu na warkarwa, me zai hana shi kisa? Tuwo ya daina shiga. Duk nishin da ta yi a ɗaki, a cikina nake jin sa.

Shi ya kai ni bayan rumbu. Tawadar Baffa da ta ga ruwa take bin sa, amma bik bai san wannan ladabin ba. Na tsoma shafin a ruwa, na murza, na dirza, takarda ta yi laushi ta kumbura, “ta mutu” na nan shuɗi yana kallona. Na yi niyyar ƙona ta, sai na tsorata kada zafin jikin Kaka ya ƙaru.

Da dabara ta ƙare, na saci tawadar Baffa, na rubuta “tsohuwa ta warke” sau bakwai da boko a allona, na wanke a ƙoƙo, na kai wa Kaka da hantsi. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa.

Ta ce, “Maigida, rubutun wa?” Haka take kirana, ko ranar da ta sa aka doke ni.

Na ce nawa ne. Daga nan kuka ya ƙwace mini, na zayyane mata komai. Ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi in ɗauko in karanta mata. Da na iso shafi na uku sai na ce, “Sai ta warke.”

Ta ce, “Ƙarya kake, muryarka ta sake. Karanta abin da ke nan.”

Na karanta. Ta rufe ido har na ɗauka ya faru a gabana. Can ta buɗe ido.

“Wa ya yi mata kuka?”

Na ce babu.

“Haba! Tsohuwa guda ta mutu ba mai kuka? Ba ka iya labari ba tukuna. Je ka ƙara mata jika. Rai kuma ba a hannun bik yake ba, ka ji ko?” Duk da haka ta karɓi ƙoƙon ta shanye tas, tana yamutsa fuska.

Na ƙara jikan a gefen shafi, inda takarda ta bushe. Washegari aka sa ta a taksi zuwa asibitin Damagaram. Ta rasu saura kwana kaɗan a yanke gero, kukan jikan kuma ni na yi shi.

Yau na sani sarai sauro ne ya sa mata zazzaɓin. Na wallafa littattafai, na kashe mutane da yawa a takarda, kowanne na ba shi mai yi masa kuka. Yanzu ma ba a neman ƙwaryar ruwa, da yatsa guda ake goge shafi. Amma akwai littafin da na shekara uku ina tsaye a babinsa na ƙarshe, abokaina marubuta suna ta yi mini tsiyar lalaci. Akwai tsohuwa a ciki, kuma dole ta mutu. Mahaifiyata ta kai shekarun Kaka, a gindin bedin nan take zama, giɓi ma ya fito mata. Makon jiya na kira ta, ta ce jikinta ba daɗi kaɗan, ba wani abu ba ne. Tun ranar ban sake buɗe littafin ba.