Ɗakin da Na Gina wa Mma a Bakin Rafi

Ranar Talata ce. Na dawo daga sallar asuba na tarar da mahaifiyata, Mma, zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi, ta miƙe ƙafarta mai ciwo a kan tabarma. Matata Rahinatu ta kawo mata koko da ƙosai. Ta kurɓa sau biyu ta ce sukari ya yi kaɗan, kamar yadda take faɗa kullum. Na yi dariya na wuce shagona na ɗinki a bakin titi.

Gidanmu a unguwar Aboabo yake, rafi ne a bayansa. Kowa a layinmu ya san yadda ake ƙara fili. Sai ka cika buhuna da yashi ka jera a gaɓa, ka zuba garin katako da shara da ɓaraguzan bulo a bayansu, ka daddanne. Bayan shekara biyu ko uku, ƙasa ta fito inda da ruwa ne. Muka ci wannan gaɓa, na tsallake suka ci waccan, rafin ya matse ya koma kamar kwata. A kan irin wannan cikon na gina ɗaki, na sa masa tayil da silin. Ya fi kowane ɗaki kyau a gidan, ɗaki mafi kyau kuwa na uwa ne, haka muka taso. Na ɗauko Mma daga tsohon ɗakinta na gaba, wanda mahaifina ya gina kan jar ƙasa mai tauri. Ta ce ta saba da nata. Na nace. Har maƙwabta na riƙa kira su zo su ga aikina, wawa da ni.

Ƙarfe goma sha ɗaya hadari ya haɗu ta arewa. Ƙarfe ɗaya ruwa ya sauko. Ban damu ba. Ina taka keken ɗinki ina kallon mutane suna juye shara a kwata don ruwa ya tafi da ita, kamar kullum. Ya yi ta zuba ba sassauci har aka kira la'asar.

Ƙarfe huɗu saura kwata na ji ƙara daga bayan gidaje, kamar tifa tana juye duwatsu. Sai wata. Sai ihun mata.

Na fita da almakashi a hannu, ban ma sani ba. Ruwa a lungu ya kai gwiwa, ja wur, mai sanyi. Na ci karo da Rahinatu a ƙofar gida, goyo a baya, ta riƙe 'yarmu a hannu.

"Mma yana ciki," ta ce. "Ƙasa ya tsage."

Tsakar gidan ta rabu biyu. Tsaga ta bi daidai inda jar ƙasa ta ƙare cikona ya fara, faɗinta kamu ɗaya, tana ƙaruwa ina kallo. Ruwa ya cinye ƙarƙashin tun daga gaɓa. Mma na tsaye a ƙofarta, ta riƙe ƙyaure da hannu biyu. Taku bakwai ne tsakaninmu. Na yi biyu.

"Kar ka zo," ta ce.

Ɗakin ya karkata baya a hankali. Na ji kwano yana kuka, bulo yana fashewa. Na ga buhunan da na cika da hannuna suna mirginawa ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabcinmu Alhassan makaniki ya rungume ni ta baya ya ja ni. Da na sake dubawa babu ɗaki, babu ƙofa, ruwa ne kawai yake wucewa.

Muka hau tudu a jere, kowa riƙe da rigar na gabansa. Ruwa ya kai ƙugu a mararraba. Wani ya yi ta cewa, "Ku bi bango." Muka bi bango. Kafin magariba mun isa benen wata makarantar Larabci. Aka tada salla na bi sahu, ban san abin da na karanta ba.

Da safe na koma. Rafin ya sauya hanya, ya yanke gaɓa tsaye, tsawonta ya fi mutum. Tsohon ɗakin Mma yana nan, ko tsagewa bai yi ba. Na tsani kaina a wurin, kuma har yau ban daina ba.

Kwana shida muna bin rafi, muna tona laka a ƙarƙashin kowace gada. Mun sami ƙyauren. Mun sami butarta. A rana ta bakwai liman ya ce a haƙura, aka yi mata salla babu gawa a gabanmu. A satin nan na ga na tsallake sun fara jera sababbin buhuna.

Tun ranar Laraba na yanka likkafaninta, na ɗinka da kaina, don na san tsawonta ba sai na gwada ba. Yana nan a ninke a saman kantar shagona. Ban san inda zan kai shi ba.