Gashin da Ya Rufe Kunnen Hagu

Pyo Gil-sun ta tsufa tana gyaran gashi a wani lungu na Nonhyeon, cikin birnin Seul. Yawancin masu zuwa shagonta 'yan matan gidajen shaƙatawar manya ne, waɗanda attajirai ke biya su zauna da su, sau da yawa abin ya wuce zama. Da la'asar sukan cika shagon da kumburarrun idanu, suna cin taliya a tsaye, suna kiranta Gwaggo. Ba ta yi wa kowa wa'azi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hye-rim ce ta fi kwanta mata a rai, 'yar ƙauye mai yawan dariya. Wata rana ta zo da ɗinki a saman kunnen hagu, wani baƙo ya jefe ta da kofin giya.

"Gwaggo, rufa min asiri. Uwar ɗakinmu ta ce ba ta son ganin tabo."

Gil-sun ta kwaso gashin duka ta kwantar a kan ɗinkin. Ya yi kyau, kyau mai ban haushi. Hye-rim ta sa aka ɗauke ta hoto, aka rataye a bangon shagon. Ba a shekara ba aka tsinci gawarta a ɗakinta, aka ƙona gawar bisa al'adar can, Gil-sun kaɗai ta je karɓar tokarta.

Bayan shekaru 'yan talabijin suka zo bincike, suka sha kofi, suka ɗauki hoton nan na bango a kyamararsu. Sai ga wasan kwaikwayo ya fito a kan irin waɗannan mata: motoci, jakunkuna, tauraruwa da gashi kwance a hagu, ba tabo a ƙarƙashi. Ƙasa ta ɗauka. Amare da 'yan makaranta suka yi layi a yi musu irin gashin, Gil-sun ta kore su, ta sauke hoton, ta bar ƙusar.

Jikarta Da-som ce ba ta koruwa.

"Haba Kaka, ke kika ƙirƙiro, amma ni ki hana ni? Ƙawata ta samo mana wani wuri, zama kawai ake yi, gobe za a duba mu."

"Ja'ira, zauna ki ji."

Ta ba ta labarin kofin, da ɗinkin, da tokar, ba ta rage komai ba. Da-som ta zaro ido.

"Kai, Kaka! Wannan ai ya fi na talabijin daɗi. To yi min, ko in tsallaka shagon gaba."

Zuciyar tsohuwa ta karye. Ta ga gara hannunta da na bare, ta ɗauki mataji. Yatsunta suka tafi saman kunnen hagu da kansu, suna lalubar ɗinki, suka tarar da fata sumul. Ta gama tana hawaye, ta ƙi kallon madubi.

Da-som ta juya dama, ta juya hagu, ta hango ƙusar nan a bango.

"Kaka, ɗauke ni hoto mana. Ga ma wurin ratayewa."