Sau Ɗaya Ba Amsa Ba Ce, Yaya Sulaiha

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, tara ga Sha'aban, Dakta Sulaiha Beevi ta rasu a wani asibiti a birnin Madurai. Na karɓi labarin ina tsaye da bokiti a bakin teku a garin Kilakarai, sai na nemi dutse na zauna. Na gaji, Yaya.

Kin ƙarar da ƙuruciyarki kan binciken ƙwan bushiyar teku, 'yar halittar ruwan nan mai ƙaya. Tambayarki ɗaya ce: sinadarin da ke kwance cikin ƙwan, wanda ke farkawa da zarar maniyyi ya shiga, kafin fatar ƙwan ta ɗaga yake tashi ko bayanta? Kika ce kafin. Manyan masana suka yi miki dariya.

Ba a bambance namijin wannan halitta da macen sai sun zubar da maniyyi ko ƙwai, kuma ɗigon maniyyi ɗaya a yatsa ya isa ya ɓata aikin yini. Ranar da na fara aiki a ƙarƙashinki na taɓa namiji, na kai hannu wajen mata.

"Kai Jainul, wa ya ɗaura musu aure?" kika ce. "Je ka wanke hannu da ruwan famfo, sarkin gaggawa."

Kika raba shinkafarki da miyar kifi biyu, kika tura mini rabi.

Shekarun nan ruwa ya yi ɗumi, masunta na kawo mana bushiyoyin fanko, ba ƙwai. Bana, da aka ce za a rufe ɗakin bincikenmu, sai suka zo cike da ƙwai, ke kuwa kina kwance a asibiti. Na yi gwajin ni kaɗai, ya fito yadda kika faɗa. Na hau mota na kawo miki sakamakon.

Kika buɗe ido da ƙyar. "Sau nawa ka yi?"

"Sau ɗaya, Yaya."

"To me ka kawo mini? Koma ka sake."

Na ji haushinki, wallahi, amma na koma. Na tarar bushiyoyin sun riga sun zubar da ƙwansu a teku, sai baɗi, kuma baɗi babu ɗakin.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba mijinki Malam Meeran da 'yarki Nilofar haƙurin rashinki. Mu da muka rage, Ya sa mu cika da imani. Gaskiyarki ce, Yaya, na gani da idona, amma kin hana ni in faɗa.