Ƙyallen da Mai Guga Ya Ɓoye

Yayana mai guga ne, shekara ashirin da biyu ke nan. Tun muna yara ba ya iya ganin abu a yamutse ya wuce. Maƙwabta har tsokanarsa suke, wai da zai samu dama sai ya goge fuskar tsofaffin unguwa. Shagonsa shi ne ɗakin gaba na gidan hayar da suke ciki: tebur ɗaya, dutsen guga biyu, da igiya daga bango zuwa bango inda yake rataye kayan mutane.

'Yarsa ɗaya, muna ce mata Gimbiya. Shekararta tara, ba ta taɓa cewa "Baba" ba. Likita ya ce galahanga ce, mai tsanani. Ba ta magana, ba ta son a taɓa ta, ƙarar babur ma tana iya sa ta yi ta buga kanta da bango. Uwarta ta bar aikin shara a asibiti don ta zauna da ita. Abu ɗaya ke kwantar mata da hankali: wani shuɗin ƙyalle, ragowar tsohuwar riga. Yaya zai ɗora masa dutse ya yi ɗumi, ya miƙa mata, ta manna a kumatu. Duk duniya daga hannunsa kaɗai take karɓar abu.

Akwai makarantar irin waɗannan yara, amma kuɗinta na wata guda ya fi abin da yake samu a wata huɗu. Sai muka ji wata gidauniya tana biya wa yara ƙalilan, da sharaɗin sai sun zo gida sun gani da idonsu.

Yaya ya yi abin da ya iya. Ya wanke ɗaki tas, ya goge rigar Gimbiya, ya goge tasa har karinta kamar ya yanki mutum. Ranar kuma igiya cike take da kwat da riguna masu tsada na masu kawo masa aiki. Wata mata ta zo tana ƙamshin turare, da wani mutum riƙe da waya. Ko zama ba su yi ba. Suka kalli igiya, suka kalli Gimbiya tana zaune lafiya lau da ƙyallenta, suka tafi.

Takarda ta zo bayan mako uku: wai iyalin ba sa cikin mabuƙata, yarinyar kuma tana da natsuwa.

Ni na je ofishin, raina a ɓace. Akawun da na tarar yana sakace haƙori, bai ko ɗago kai ba.

"Baiwar Allah, ku ma da naku laifin," in ji shi. "Wa ya ce ku gyara gida? Masu ba da kuɗin nan hoto suke so. Ku sake nema, amma a bar yarinya ta nuna halinta."

Na fito na kama hanyar gida. Ashe talaucin ma sai an yi masa kwalliya kafin a yarda da shi.

Da na gaya wa Yaya, sai ya ajiye dutsen guga.

"Wato in tayar mata da ciwo da hannuna?"

"Yaya, ni dai abin da ya ce ke nan."

"Allah ya sawwaƙe," ya ce, ya ci gaba da guga.

Amma matarsa ta rame, bayanta ba ya miƙuwa saboda riƙon yarinya, Gimbiya kuma kullum ƙara ƙarfi take. Bayan wata biyu ya sake cike takarda.

Ina nan ranar da suka dawo. Ya kwashe kayan mutane ya kai gidan maƙwabci. Ya sa riga a yamutse, abin da ban taɓa gani a jikinsa ba. Da ya ji tsayuwar motarsu, ya durƙusa gaban Gimbiya ya miƙa hannu. Ta ba shi ƙyallen, a zatonta zai ɗumama mata. Ya cusa shi a aljihu.

Ta jira. Ta kama hannunsa ta ja shi zuwa tebur. Bai motsa ba. Sai ihu, sai bango. Uwarta ta rungume ta ta baya suna faɗuwa tare, goshin yarinya ya fashe. Mai turaren nan tana gyaɗa kai tana rubutu, har tana ce wa mai ɗaukar hoto da waya ya matso ta wajen haske. Wallahi ban taɓa ƙyamar ɗan Adam kamar ranar ba. Kuma har da kaina, don ni na kawo saƙon.

An ba Gimbiya gurbi. Kullum da safe mota tana zuwa ɗaukarta, uwarta ta koma aiki, an ce yanzu tana iya nuna kofi idan tana jin ƙishi.

Yaya yana nan yana gugarsa. Idan ta dawo da yamma, yakan ɗumama ƙyallen ya miƙa mata kamar da. Sai ta ɓoye hannayenta a baya. Dole ya ajiye a kan tebur, ya ja da baya har bakin ƙofa, sannan ta ɗauka.